Mindar Baffa ta Uku

Tun da na dawo, duk wanda ya leƙo shagona a kasuwar Boɗinga sai ya ce, "Sahabi, yaya Kudu?" 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci sun fi kowa matsa mini. In na fara ba da labarin sai wani ya kawo ɗinki in yanke, gobe kuma in faro daga farko. Malaminmu ne ya ce tunda hannuna ya fara faɗawa da rubutu, in zauna in rubuta a hankali, kowa ya karanta da kansa. To ga shi. Ba tafiyar daɗi ba ce, kuma ba ni na shirya ta ba.

Baffa Manu ƙanen mahaifina ne, yana zaune a Lambara. Ya yi soja lokacin yaƙin basasa, ya fito da igiya biyu, shi ya sa ake ce masa Kofur. Yana da minda uku, wato lambobin yabo na ƙarfe da ake rataya wa soja a ƙirji. Kowace shekara, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, yakan sa su ya je fareti a Shagari. Biyu daga ciki duk wanda ya yi yaƙin an ba shi. Ta ukun ce tasa shi kaɗai. An ba shi ita saboda ya goyo wani sajan da aka harba, ya ƙetare rafi da shi ana ta ɓarin wuta, shi ma ya samu harsashi a cinya. Har yau da sanda yake tafiya.

A faretin bara aka turo wani matashin hafsa yana duba takardun tsofaffin kafin su shiga layi. Ya dubi takardar sallamar Baffa, ya dubi ƙirjinsa, ya ce biyu aka rubuta, ta ukun ba ta ciki, a cire. Baffa ya kasa ɓalle allurar. Hafsan ya ɓalle masa da kansa, ya sa masa a tafin hannu, mutanen Lambara da suka rako shi suna tsaye suna kallo. Bayan haka wani a majalisa ya tambaye shi, da sunan wasa, a wace kasuwa aka sayo ta. Baffa bai sake zama majalisa ba.

Da aka yanke gero ya aika aka kira ni.

"Sahabi, an ce ka iya karatun boko yanzu."

Na ce, "Kaɗan dai, Baffa."

"Kaɗan ɗin ya isa. Ka kai ni inda anka aje takardunmu a gyara. Ban son a yi wani faretin ana kallona awa ɓarawo."

Na tambaya aka ce ofishin yana Lakwaja. Ban taɓa wuce Gusau ba. Na rufe shago, na damƙa wa maƙwabcina ɗinkin mutane, muka tashi.

Daga Sakkwato muka shiga doguwar mota. Baffa ya naɗe mindar a ƙyalle, ya sa cikin aljihun gaba, ya ɗora hannu a kai, haka hannun ya zauna har Funtuwa. Hanyar Gusau kun san yadda take yanzu. Akwai wuraren da hira take mutuwa a mota ba wanda ya ce a yi shiru, sai ƙarar carbi. A wani shinge wani soja ya leƙo, ya ga hular Baffa ta tsofaffin soja, ya ƙame ya sara masa. Baffa ya yi yunƙurin miƙewa ya amsa, kansa ya bugi rufin mota, hular ta faɗa cikin kwandon wata mata mai tumatir. Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji a tafiyar.

Ni kuwa na sa wa kaina aikin karanta allunan hanya. Kafin in haɗa baƙi uku mun wuce allon. Wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni ya gaji, ya ce, "Malam, ko dai a ce direba ya riƙa tsaya maka?" Daga baya na gane dabara, na riƙa riƙe farkon sunan a kaina har a zo allo na gaba in ƙarasa.

Muka kwana a masallacin tasha a Zariya. Furar da 'yar Baffa ta ƙulla mana ta yi tsami tun a nan, amma ya ƙi yarda a zubar. Washegari muka wuce Kaduna, muka ratsa gefen Abuja, ƙasa ta fara canza. Rani ya kama a gida, can kuwa komai kore, itace kan itace, ba ka hango nesa. Baffa ya daɗe yana kallon dajin ta taga, sannan ya ce, "Irin wanga daji na. Mutum na gabanka ba ka ganin shi."

Lakwaja zafinta daban ne da namu. Namu yana ƙona fata, nasu jiƙa mutum yake yi, riga ta manne a baya ko a inuwa. Wani mai shayi ɗan Yabo ya ji maganarmu ya gane mu, ya ba mu ɗakin da yake ajiye kaya. Sauro ya yi mana abin da ya ga dama. Abinci kuma sai sakwara da miya ja wur da manja. Baffa ba shi da haƙoran nama, barkonon kuma ya tayar masa da ciki, sai ya koma burodi da shayi safe da yamma. A can mata ne ke riƙe da kasuwa, su ne ke ciniki da ƙarfin murya, maza na gefe. Gaisuwarsu gajera ce, ba a tambayar gida da gajiya da iyali. Da farko na ɗauka fushi suke da mu.

A ƙofar ofishin aka ce a dawo gobe, gobe kuma aka ce wanda zai gan mu ya fita. Muka yi ta zama kan benci tare da wasu tsofaffi da matan da mazansu suka mutu, kowa da ambulan a hannu. Ba mu jin yaren juna, amma in wani ya tashi sai a tsare masa wurinsa. Wani tsoho mai ido ɗaya ya riƙa raba wa Baffa goro, suna nuna wa juna tabo.

Ranar da aka shigar da mu, mace muka tarar, kyaftin, maza suna ƙame mata. Baffa ya ɗan tsaya, sannan ya jingine sandarsa ya sara mata yadda aka koya masa. Ta miƙe ta amsa, ta ja masa kujera da kanta. Hausarta ba ta da yawa, sai aka kira wani kofur ɗan Zuru ya yi tafinta.

Baffa ya yi bayani. Ya ce mindar ta iske shi ne ana gab da sallamarsu daga bariki, takardar sallama kuwa an riga an buga ta, shi ya sa ba ta shiga ba. Kyaftin ta sa aka ɗauko fayil ɗinsa, ta duba, ta ce lalle biyu ne a ciki, kuma irin haka ya faru da mutane da yawa a wancan lokaci. Amma ta ce kada ya damu. Irin wannan minda ba a ba da ita sai an sassaƙa sunan mai ita da lambarsa ta soja a gefenta. Da zarar an karanta an ga sun dace da fayil, gyara ba wuya.

Fuskar Baffa ta washe. Ya kwance ƙyallen, amma bai miƙa mata ba, ni ya miƙa wa.

"Karanta mata, Sahabi. Abin da ya sa na kawo ka ke nan."

Na karɓa na je bakin taga. Mindar tana ƙyalli kamar yau aka ƙera ta. Na juya gefenta, na sake juyawa. Sumul, ba ko ɗigo. Na ɗauka idona ne, ko ƙarancin karatuna, na goge idon na sake dubawa. Kyaftin ta karɓa, ta ɗauko gilashin ƙara girma, ta daɗe tana bi. Ta nuna mini wani ɗan zane kamar jelar baƙi guda, shi kaɗai ya rage. Sannan ta ce wa tafinta wani abu.

"Wai da me ake goge ta, Baba?"

"Toka da tsamiya," in ji Baffa. "Kowace Juma'a. Maiɗakina ka yi, Allah shi jiƙan ta. Tare da tasoshinta na aure taka wanke ta."

A nan na tuna. Ina yaro, in na je Lambara, Inna Hurera, matar Baffa, takan zauna a tsakar gida da tasoshin tagulla a gabanta, ta jiƙa tsamiya, ta dangwali toka, ta dirje su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare da mindar. Nakan roƙa a ba ni in riƙe, kuma na tuna gefen yana da kaushi, ina sa farce ina bi. Inna takan yi mita cewa dauɗa tana maƙalewa cikin wannan zanen, sai ta ƙara toka ta bi shi da ƙarfi. Duk gidan ba mai karatun boko. Mun ɗauka ado ne.

Tafinta ya yi wa Baffa bayani a hankali. Baffa ya karɓi mindar ya shafa gefen da babban yatsa.

"Sunana na nan ashe?"

"Da yana nan, Baba."

"Shekara da shekaru tana wanke shi." Ya sake shafa gefen. "Ba ta sani ba."

Kyaftin ta ce saura hanya ɗaya. In akwai wanda yake wurin ranar, soja, yana raye, ya yi rantsuwa a rubuce, za ta tura sama da hannunta. Baffa ya ce akwai, wanda ya goyo ɗin, Sajan Oce, yana wani ƙauye bayan Otukpo. Ba su sake haɗuwa ba tun da aka sallami Baffa, amma zumuncin bai yanke ba. Duk shekara Baffa yana ba 'yan albasarmu masu zuwa can ɗan buhu su kai masa, shi kuma ya aiko da doya da galan na manja. Sai a waccan shekarar da albasa ta tafi ba abin da ya dawo, Baffa ya ce wataƙila doya ce ba ta yi ba.

Na so mu koma gida ya huta, don ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ya ce in na gaji in koma, shi zai wuce. Muka ƙetare babban kogi ta gada, muka bi wata hanya mai ramuka ta Ankpa. Motar ta mutu a tsakiyar daji, fasinja suka sauka suna turawa, aka bar Baffa shi kaɗai a ciki da akuyar wani. A Otukpo muka sauka unguwar Hausawa, wurin Alhaji Ɗanjuma mai albasa, mutumin Mandera, wanda ta hannunsa saƙon yake bi. Ya yi mana tuwon masara da miyar kuka. Ya bari sai da Baffa ya ci ya wanke hannu.

"Kofur, sai haƙuri. Abokinka ya riga mu. Tun tsakiyar damina."

Baffa ya yi salati a hankali. Ya ce, "Mi ya hana a aiko min?"

"Sun ce sai an sa ranar jana'iza. Ba a rufe shi ba tukuna, jibi za a yi."

Ban gane ba sai da Alhaji ya yi mini bayani. Mu in mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi. Su kuwa ajiye gawa suke yi a ɗakin sanyi na asibiti wata da watanni, har 'ya'ya na nesa su taru, a gyara gida, a yi fenti, a ɗinka anko, a buga hotonsa a manna a bango. Wato duk lokacin da muke zaune kan bencin Lakwaja, mai shaidarmu yana kwance cikin sanyi yana jiran ranarsa.

Baffa ya ce tunda mun zo sai mun yi ta'aziyya. Alhaji ya kai mu. Da na hango gidan na ce ko mun ɓata ne, biki ake yi a nan. Rumfuna, kujeru, kiɗa, mata suna girki a manyan tukwane, kowa da riga iri ɗaya mai hoton mamacin. Muka tsaya a bakin hanya da rigunanmu, ba mu san inda za mu sa kanmu ba. Sai wata mata mai furfura ta taho, babbar 'yar mamacin ce, sunanta Ene. A bariki ta girma, tana jin Hausa irin tasu. Alhaji ya faɗa mata ko wane ne Baffa. Ta dubi sandar, ta dubi ƙafar, ta durƙusa a ƙasa ta riƙe gwiwoyin Baffa tana kuka.

"Kai ne Manu. Baba ya ce in ba kai ba, babu mu. Duk Kirsimeti sai ya ba mu labarin, har mun gaji da ji. Ya ce kana goye da shi kana zagin shi wai ya cika nauyi."

"Shina da nauyi kam," in ji Baffa.

Ta sa aka kawo mana shinkafa da kifi, ta ce ta san ba ma cin yankansu. Na faɗa mata abin da ya kawo mu. Ta ce za ta rubuta, za ta rantse, duk ƙannenta za su sa hannu. Na kira lambar wayar da tafinta ya ba ni. Ya tambayi kyaftin, ya dawo ya ce a kawo, za a sa a fayil, amma kada ya ruɗe mu, shaidar wanda ba a haifa ba lokacin ba ta cika yin aiki ba. Na faɗa wa Baffa yadda aka ce, ban rage ba.

Da za a fito da akwatin, Ene ta zo ta ce tana da roƙo. Mindodin babanta suna kan akwati, tana so Baffa ya sa nasa ya tsaya a gaba. Baffa ya ciro biyun. Ta ce ina ta ukun, wadda aka ba shi saboda Baba.

"An ce ba ta cikin takarda."

"Nan ba mai tambayar takarda," in ji ta. Ita ta maƙala masa da hannunta.

Aka tsayar da kiɗa. Wani ya ɗauki lasifika ya yi magana da yarensu, na ji sunan Baffa a ciki, jama'a suka miƙe tsaye. Baffa ya ba ni sandar, ya taka shi kaɗai zuwa gaban akwatin, ya ƙame, ya sara. Bai sauke hannun ba sai da ya ga dama. Mutane da yawa sun ga mindar a ƙirjinsa ranar, fiye da masu zuwa fareti a Shagari. Sai dai a cikinsu ba mutumin Lambara ko ɗaya. Muna shiga mota ya ɓalle ta ya mayar cikin ƙyalle.

Muka biya Lakwaja muka ajiye takardar Ene. Kyaftin ta karɓa da hannu biyu, ta ce a jira. Dawowa ba abin da zan faɗa a kai, Baffa barci ya yi ta yi, doyar da aka ba mu kuma rabinta ta ruɓe kafin Sakkwato. A majalisa na ba da labarin jana'izar. Wanda ya yi tambayar kasuwa ya ce, "To, Allah shi sa a gyara." Har yau ba a kira mu ba. Na kira tafinta har na fara jin kunya.

Ranar faretin bana na yi sammako na je Lambara da babur in ɗauke shi, ban ma san ko zai je ba. Na same shi a tsakar gida ya sa kakinsa, minda biyu a ƙirji. A gabansa ga kasko da toka, ga tsamiya a jiƙe, ga ta ukun a hannunsa yana dirza.

Na ce, "Baffa, ai wannan ne ya cinye sunan. Ka bar ɗan abin da ya rage, ko za a nema."

Bai ɗaga kai ba. "Abin da za ta ci ta riga ta ci. Innarka ba ta taɓa barin ta da dauɗa ba."

Ya gama, ya ɗauraye, ya goge da ƙyalle. Ya ce in shiga ɗakin Inna in ɗauko masa ƙaramar tasa. Na ɗauko. Ya sa mindar a ciki, ya rufe, ya ce in mayar inda na ɗauko. Sannan ya laluba sandarsa ya miƙe, ya shafa wurin da allurar ta bar huda a aljihun kakin.

"Mu tahi," ya ce, "kada a shiga layi ba mu."